Yadda Ake Zaɓar Hanya Mafi Ƙarancin Jinkiri a Mahaɗar Intanet

Duk injiniyan da ya taɓa riƙe rautar kamfanin intanet, wato na'urar da ke zaɓar wa kaya hanya, ya san wannan ƙorafi. Kwastoma ya kira ya ce intanet na ja, ka buɗe jadawali ka ga layinka ko rabi bai cika ba, babu waya da ta tsinke, babu zaman BGP da ya faɗi. Komai lafiya a ido, amma mai kiran bidiyo yana magana ana jin sa bayan ya gama. Sau da yawa ba faɗin layi ne ya gaza ba. Hanyar da rautarka ta zaɓa ce mai nisa, kuma ita ba ta san tana da nisa ba.

BGP, wato yarjejeniyar da cibiyoyin intanet ke sanar da juna hanyoyi da ita, ba ta da wani ma'auni na lokaci. Idan hanyoyi biyu suka zo zuwa wuri guda, sai ta fara duba local-preference, wato makin fifiko, wanda kai ne ka sa shi da hannunka. In sun yi kunnen doki ta ƙirga yawan lambobin AS (lambar shaidar kowace cibiya) da ke kan hanyar, sannan asalin sanarwar, sannan MED (makin da maƙwabciyar cibiya ke nuna ƙofar da ta fi so da shi), sannan ta fifita abin da ta jiyo daga waje a kan na cikin gida, sannan kusancin ƙofar fita, har ta kai ga lambar rauta. A duk jerin nan babu milisakan ko ɗaya. Kamar direban da ke zaɓar hanya da yawan shingayen da zai tsaya ne, ba da kilomita ba: hanya mai shinge ɗaya ta fi masa mai shinge biyu, ko da ta farkon ta Sakkwato za ta bi da shi zuwa Kaduna.

Wannan jagora na mai tafiyar da cibiya ne da ke da kafa a mahaɗar intanet ɗaya ko fiye, wato wurin da cibiyoyi ke jonuwa su yi musayar kaya kai tsaye. Zan yi misali da ƙaramin kamfani a Kano, mai kafa a IXPN, mahaɗar intanet ta Najeriya da aka kafa a 2006, mai dillalai biyu da yake sayen taransit, wato hanyar fita zuwa sauran intanet, a hannunsu, kuma mai kafa ta nesa a wata mahaɗar Turai. Lambobin AS da adireshin da za ka gani a ƙasa duk daga waɗanda aka ware domin misali ne.

Mataki na ɗaya: san iyakar da haske ya sa maka

Kafin ka zargi kowa, yi lissafi. Haske a cikin zaren faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kashi biyu cikin uku na gudunsa a sarari. Abin da za ka haddace shi ne: kowane kilomita 100 na faiba yana cin milisakan 1 na je-ka-dawo. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne ta hanyar mota, kuma faiba galibi gefen titi take bi, don haka ba za ka taɓa samun ƙasa da milisakan 10 ba. Wayar teku ta MainOne, da ta fara aiki a 2010, tsawonta kusan kilomita 7,000 ne daga Fotugal zuwa Legas: milisakan 70 ke nan kafin a ƙara tafiyar ƙasa zuwa Landan. Shi ya sa Legas zuwa Landan ke zama wajen 90 zuwa 100 da ɗoriya. Idan cibiyoyi biyu na Legas ba su haɗu a gida ba sai a Landan, ninki biyu ne, kusan 200.

Me ya sa 200 ke da zafi? Buɗe shafi mai tsaro yana buƙatar je-ka-dawo ɗaya don gaisuwar TCP, ɗaya don TLS 1.3, ɗaya don roƙon shafin kansa. Uku ke nan kafin harafin farko ya iso, ban da neman suna a DNS. A kan milisakan 200, sama da rabin daƙiƙa ya tafi a gaishe-gaishe. A kan milisakan 5, ba wanda zai ji komai. Haka kuma gudun TCP ba ya wuce girman taga, wato yawan kayan da ake aikawa kafin a jira amsa, a raba da je-ka-dawo: taga mai kilobait 64 a kan milisakan 100 ba ta ba ka fiye da megabit 5 da ɗan kai a daƙiƙa, komai faɗin layin da ka saya. Ga murya kuwa, shawarar G.114 ta ƙungiyar ITU ta ce jinkirin zuwa kaɗai kada ya wuce milisakan 150 in ana son hira ta tafi daidai.

Rubuta wannan iyaka ga kowane wuri da kake da kafa. Da ita za ka auna duk abin da zai biyo baya: awon da ya ninka iyakar haske sau uku yana da labari a bayansa.

Mataki na biyu: gano inda kayanka ke zuwa

Teburin BGP na duniya ya kai wajen hanyoyi miliyan guda a IPv4 kaɗai. Ba za ka auna su duka ba, kuma babu buƙata. Kunna sFlow ko IPFIX a rautocin bakin iyaka, ka tara bayanan da pmacct ko Akvorado na mako guda cikakke, ka jera lambobin AS bisa yawan kayan da kuke musaya. Za ka tarar ƴan ƙalilan ne ke ɗauke da mafi yawa. Ɗauki ashirin ko talatin na sama, sannan ka ƙara waɗanda kayansu kaɗan ne amma jinkirinsu na jawo ihu: bankuna da masu sarrafa biyan kuɗi, sabobin kiran murya, wasannin intanet, masu amsa tambayar DNS. Na'urar POS ba ta cin faɗin layi, amma mai shago a Kantin Kwari da ya tsaya yana kallon ta tana juyi zai kira ka kafin mai kallon fim.

Mataki na uku: auna kowane takwara a kan suwic ɗin mahaɗa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe.

Tsohuwar ƙa'idar da kowa ya koya ita ce: hanyar kwastoma ta fi ta takwara (cibiyar da kuke musaya kai tsaye), ta takwara ta fi ta dillali. An gina ta a zamanin da duk wanda ke kan mahaɗa rautarsa na cikin ginin. Yanzu ba haka ba ne. Ana iya haya wa cibiya layi daga wata nahiya a miƙo ta har suwic ɗin mahaɗa, ta sami adireshi a kan layin musaya kamar kowa. A idon BGP zango ɗaya ne tsakaninku. A traceroute ma zango ɗaya ne, domin miƙon a matakin suwic aka yi shi, inda TTL, ma'aunin da ke ƙirga zanguna, ba ya raguwa. Hangen Dala ne kawai: kana ganin ta kusa, shiga birnin kuwa da sauran tafiya. Kai ma, kafarka ta mahaɗar Turai haka take ga mutanen can.

Matsalar takan fito ƙarara idan cibiya guda ka gan ta a mahaɗa biyu. A ce wani kamfanin Legas yana IXPN, yana kuma da kafa ta nesa a Landan inda kai ma kake da taka. In ka ba duk mahaɗai local-preference iri ɗaya, tsawon AS ɗaya ne ta ko'ina, sai BGP ta raba gardama da wani abu maras ma'ana kamar wace hanya ta riga zuwa. Kayan Kano zuwa Legas sai su tsallaka teku sau biyu, ba tare da wata fitila ta yi ja ba.

To, ga yadda za ka auna. Adireshin layin musaya galibi ba a sanar da shi ga duniya, don haka daga rautar da ke kan mahaɗar za ka yi awon, ko daga sabar da ka ba hanya ta musamman. Ciro jerin zangon gaba na duk hanyoyin da sabar hanyoyi, wato sabar mahaɗa da ke rarraba sanarwar membobi, ta ba ka. Sabar hanyoyi, kamar yadda RFC 7947 ta tsara, ba ta sa kanta a tsakiya: tana miƙo maka adireshin takwaran kamar yadda yake, kaya kuma su tafi kai tsaye. Wannan ne ya sa za ka iya yi wa kowane takwara hukunci daban ko da ba ku da zaman BGP tsakaninku. Idan rautarka Linux ce:

fping -S 192.0.2.10 -C 100 -p 1000 -q 192.0.2.47

Wannan zai aika fakiti ɗari, ɗaya kowace daƙiƙa, daga adireshinka na mahaɗa. Maimaita shi kowace awa na aƙalla mako guda, ko ka ɗora wa SmokePing aikin. Kada ka matsa wa mutane da ambaliyar ping. Wasu mahaɗai na da doka a kan haka, kuma ladabi ma ya hana.

Yadda za ka karanta sakamakon ya fi yadda ka tara shi muhimmanci. Don gane nisa, mafi ƙanƙantar awo za ka duba, ba matsakaici ba. Rauta na amsa ping da ƙwaƙwalwarta ta gudanarwa, wadda ke da ayyukan da suka fi amsa maka muhimmanci, saboda haka wani lokaci takan yi nawa alhali kayan da ke ratsa ta na wucewa sumul. Cunkoso da nawar ƙwaƙwalwa na iya ƙara wa awo, amma babu abin da ke rage shi ƙasa da nisan gaskiya. Takwaran da ke gini ɗaya da kai zai nuna ƙasa da milisakan 1. Na wani ɗakin sabobi a birni guda, 1 zuwa 2. Wanda mafi ƙanƙantar awonsa 95 ne, rautarsa ba ta ƙasar, ko me PeeringDB, kundin da cibiyoyi ke rubuta bayanansu, ta ce.

Don gane cunkoso kuwa, tazarar da ke tsakanin mafi ƙanƙanta da awon dare za ka duba. Idan da asuba 2 ne, amma daga bayan isha'i zuwa sha ɗayan dare ya koma 40 tare da zubewar fakiti, to kafar takwaran ce ta cika, ko taka. Wannan ba matsalar nisa ba ce, kuma maganinta daban: a ƙara kafa, ko a ja waya ta musamman tsakaninku. Zubewar fakiti ma babbar illa ce ga TCP, domin gudu na raguwa ne daidai da je-ka-dawo da kuma saiwar (square root) adadin zubewar. Hanyar milisakan 30 mai tsabta ta fi ta milisakan 5 mai zubar da biyu cikin ɗari.

Mataki na huɗu: auna har gida, ta kowace ƙofa

Kusancin rautar takwara ba ya nufin sabarsa na kusa. Babban kamfani na iya ajiye rauta a Legas, ya karɓi kayanka a nan, ya ɗauke su ta kashin bayansa zuwa Amsterdam inda ainihin sabar take. Don haka ga kowane AS da ke jerinka na mataki na biyu, zaɓi adireshi biyu ko uku na gaske, waɗanda kwastomominka ke magana da su, ka bi sawunsu:

mtr -rwzb -c 100 -T -P 443 203.0.113.25

Amfani da TCP a kan ƙofa ta 443 ya fi ICMP kama da kayan gaske. Wajen karantawa, zubewar da ta bayyana a zango na tsakiya amma ba ta bi har ƙarshe ba, ba zubewa ba ce. Rautar ce ke taƙaita amsa. Layin ƙarshe ne alƙali.

Sai dai wannan awo hanyar da BGP ta riga ta zaɓa kaɗai yake nuna maka. Kana buƙatar sanin yadda sauran ƙofofin suke. Hanya mafi sauƙi: ba sabar awonka adireshi huɗu, ɗaya don kowace ƙofa, ka sa dokar tuƙi bisa adireshin mai aikawa ta yadda na farko zai fita ta IXPN dole, na biyu ta dillali na ɗaya, haka har ƙarshe. Facebook ta bayyana irin wannan dabara a 2017 cikin tsarinta na Edge Fabric, inda ake yi wa ɗan ƙaramin kaso na kayan gaske alama a tura su ta hanya ta biyu da ta uku don a ga yadda suke. Kai ba sai ka kai can ba. Saba ɗaya tsohuwa ta ishe ka.

Akwai tarkon da ya kamata ka sani tun yanzu. Je-ka-dawo jimlar tafiya biyu ce, kuma zuwa kaɗai ke hannunka. Za ka iya tura fakiti ta IXPN, amsa ta dawo ta Landan saboda dokar ɗaya ɓangaren. Idan ka ga awo kusan 100 tsakanin cibiyoyi biyu na gida, wato rabin abin da zagayen Turai ke ci, mafi yawanci ɓangare ɗaya ne ke zagayawa. Don ganin hanyar dawowa, nemi madubin hanyoyi na takwaran, wato shafin da ke nuna hanyoyin rautarsa, ko ka yi amfani da RIPE Atlas, tsarin ƙananan na'urorin awo da RIPE NCC ke gudanarwa tun 2010, ka sa na'urar da ke cikin cibiyarsa ta bi sawu zuwa gare ka. Idan babu irin na'urar a cibiyarka, nemi ɗaya ka jona. Da ita kake tara makin da za ka yi awo da na wasu. Irin wannan awon ne zai gaya maka, misali, ko fakiti daga Katsina zuwa Maraɗi, tafiyar kilomita ɗari ko ƙasa da haka, yana tsallaka iyakar Jibiya ne ko sai ya je Faransa ya dawo.

Mataki na biyar: kasa su gida-gida, ka yi musu tambari

Kada ka mayar da milisakan kai tsaye ya zama local-preference. Bambancin 3 da 4 ba abin da ɗan Adam zai ji ba ne, kuma gobe zai juye. Kasa takwarori gida uku ko huɗu masu faɗin tazara. Ga kamfaninmu na misali, ana aunawa daga rautar da ke kan mahaɗar: na kusa, ƙasa da milisakan 5, na yanki, 5 zuwa 40, na nesa, sama da 40. Iyakokin naka ne ka zaɓa, muddin ka sa su a inda babu takwarori da yawa da ke zaune a bakin layi.

Kowane gida ka ba shi tambari da babbar community ta RFC 8092, mai kashi uku: lambar AS ɗinka, lambar aiki, da ƙima. Amfanin tambari shi ne duk rautocin cikin gida za su san dalilin hukuncin, kuma wanda ya gaje ka bayan shekara biyu zai gane abin da ka yi. Ga yadda yake a manhajar rauta ta FRR:

ip prefix-list KUSA seq 5 permit 192.0.2.11/32
ip prefix-list NESA seq 5 permit 192.0.2.47/32
route-map DAGA-MAHADA deny 5
 match rpki invalid
route-map DAGA-MAHADA permit 10
 match ip next-hop prefix-list KUSA
 set local-preference 300
 set large-community 64500:10:1 additive
route-map DAGA-MAHADA permit 20
 match ip next-hop prefix-list NESA
 set local-preference 90
 set large-community 64500:10:3 additive
route-map DAGA-MAHADA permit 30
 set local-preference 200
 set large-community 64500:10:2 additive

Dillalai suna kan 100, kwastomomi kan 400. Lura da wuri biyu. Tacewa ce a sama da komai: hanyar da RPKI, tsarin tantance wanda ke da ikon sanar da adireshi, ta ce ta jabu ce ba ta shiga ko da milisakan ɗaya ce. Sannan na nesa sun sauka ƙasa da dillali, wato za a bi su ne kawai in babu wata hanya.

Wannan na biyun hukunci ne mai cin kuɗi, kada ka yi shi ido rufe. Kayan da ka kwashe daga musayar kyauta ka ɗora wa dillali za su hau lissafin wata, wanda galibi ake yi da awo na 95 cikin ɗari. Kuma ba kowane na nesa ne ya cancanci saukarwa ba. Idan cibiyar Jamus ce, sabobinta a Frankfurt, to nisan nata ne na asali, ta dillali ma haka za ka same ta ko fiye. Wanda za ka saukar shi ne wanda awon mataki na huɗu ya nuna akwai ƙofar da ta fi shi da tazara mai ma'ana. A ganina, in ribar ba ta kai milisakan 20 ba kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na jimlar ba, a bar ta.

Wani abu da local-preference ba ya iya wa: rukunin adireshi mafi ƙanƙanta shi ke cin nasara kullum. Idan takwara ya sanar da /22 a mahaɗa amma ya sanar da /24 guda huɗu ta dillalinsa, kayanka za su bi /24 ɗin ko da ka ba mahaɗa maki dubu. Maganin ba a rautarka yake ba. Ɗauki waya ko ka rubuta wa adireshin da suka sa a PeeringDB, ka nuna musu. Galibi mantuwa ce.

Wajen aiwatarwa, takwara biyar za ka fara da su, da safe, ba ranar Juma'a ba. Yi amfani da sabuntawa mai laushi, clear bgp ipv4 unicast 192.0.2.1 soft in, don kada zaman ya faɗi. Duba jadawalin kowace ƙofa na kwana biyu kafin ka ƙara wasu.

Mataki na shida: hanyar shigowa, inda roƙo kawai kake iya yi

Ga kamfanin da ke sayar wa jama'a intanet, mafi yawan kaya shigowa suke, kuma wanda ya aiko su ne ke zaɓar hanya. Makamanka kaɗan ne. Maimaita lambar AS ɗinka a kan sanarwa yana aiki ne kawai in ɗaya ɓangaren bai riga ya yanke hukunci da local-preference ba, kuma kusan kowa ya riga ya yanke. Abin da ya fi tasiri shi ne hana sanarwar gaba ɗaya a inda ba ka so a same ka. Idan kai da wani kamfanin gida kuna haɗuwa a Legas da Landan, gaya wa sabar hanyoyi ta Landan kada ta ba shi adireshinka. Al'adar da mahaɗai da yawa ke bi ita ce tambarin 0 da lambar takwaran, ko a babbar community lambar sabar, 0, lambar takwaran, amma karanta takardar mahaɗarka domin kowace da nata. Ka tabbata akwai hanyar ko-ta-kwana ta dillali kafin ka rufe wannan ƙofa.

Idan kai ne ke gudanar da mahaɗar, za ka iya sauƙaƙa wa membobi. Manhajar ARouteServer, da ke haɗa saitin BIRD da OpenBGPD, tana da tamburan da suka dogara da je-ka-dawo: mamba na iya cewa kada a sanar da hanyarsa ga duk takwaran da jinkirinsa ya wuce kaza, ko a tsawaita masa ita. Kai za ka rubuta ɗan shirin da ke ba ta awon kowane mamba.

Ga manyan masu bidiyo da shafukan sada zumunta, BGP rabin labari ce. Su kan zaɓi sabar da za ta yi maka hidima ne ta DNS ko ta nasu awon. Idan kwastomominka na tambayar wata sabar DNS mai nisa, ana iya tura su rumbun da ke kusa da ita ba da su ba. Ajiye taka sabar DNS a cikin cibiyarka, ka wallafa fayil ɗin wuraren adireshinka bisa tsarin RFC 8805, kuma in kayanka sun kai, nemi rumbu irin Google Global Cache ko Open Connect na Netflix a cikin gida.

Mataki na bakwai: cikin gidanka

In kana da ƙofofi a birni biyu, BGP za ta fitar da kaya ta ƙofar da yarjejeniyar hanyoyin cikin gida, OSPF ko IS-IS, ta ce ta fi kusa. Amma OSPF, in ka bar ta yadda ta zo, da faɗin layi take lissafi, ba da nisa ba. Sa ƙimar kowane layi da hannu bisa awon jinkirinsa. Kuma ka sake auna layin haya lokaci-lokaci: ranar da masu gyaran titi suka tsinke faiba, mai layin zai juya ka ta wata hanyar ba tare da ya gaya maka ba, fitila tana kore, jinkiri ya ninka.

Mataki na takwas: shin a bar inji ya riƙa juyawa da kansa?

Sha'awar kowa ke nan bayan ya ga awon farko: a rubuta shirin da zai auna kowane minti ya canza hanya. An gwada wannan tun kafin a haifi yawancinmu. ARPANET ta koma zaɓar hanya bisa awon jinkiri wajen 1979, kuma da kaya suka yi yawa sai abin ya zama lilo: layi ya yi sauƙi, kowa ya ruga kansa, ya cika, kowa ya gudu zuwa ɗayan, shi ma ya cika. Sai da aka gyara ma'aunin a 1987 aka sa masa birki. Dalilin bai canza ba har yau: kayan da ka tura su ne ke canza awon da ka dogara da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In dole sai ka yi, sa masa sharuɗɗa. Iyakar fita ta bambanta da ta dawowa: a bar hanya in ta wuce 60 na minti goma sha biyar a jere, kada a dawo mata sai ta sauka ƙasa da 40 na awa guda. A ƙayyade yawan rukunonin da za a motsa a zagaye ɗaya. Kafin a tura kaya wata ƙofa, a duba ko tana da wurin ɗauka. Shirin ya riƙa cusa hanyoyinsa ta zaman iBGP, wato BGP na cikin gida, nasa na kansa, ta yadda in ya mutu hanyoyin za su janye komai ya koma kan dokar da ka rubuta da hannu. Kuma waɗannan hanyoyi, musamman in ƙananan rukunoni ne da shirin ya ƙirƙira, kada su taɓa fita daga cibiyarka. Tambarin no-export kaɗai bai isa ba. Matatar fita ta kasance mai ƙin komai sai abin da ke ɗauke da tambarin kwastoma ko naka.

Ba tsoro ne na banza ba. Ranar 12 ga Nuwamba 2018, kuskuren saiti a MainOne ya sa hanyoyin Google da ta koya a musayar Legas suka zube zuwa China Telecom, kayan Google na wasu sassan duniya suka bi ta Rasha da Sin na sama da awa guda, kamfanin kuma ya fito ya amsa kuskuren. Duk lokacin da ka taɓa dokar shigowa, sake karanta ta fita. Idan rautocinka sun san RFC 9234, wadda ke sa kowane zama ya bayyana matsayinsa na kwastoma ko takwara ko dillali, kunna ta.

Ga kamfani irin na misalinmu, shawarata ita ce shirin ya tsaya a awo da faɗakarwa. Ya sake kasa takwarori sau ɗaya a mako, ya turo maka bambancin, kai ka duba ka amince. Abin da ke buƙatar saurin inji shi ne gano mutuwar layi, wannan kuwa aikin BFD ne: tana ganewa cikin ƙasa da daƙiƙa, maimakon jiran agogon BGP da kan kai daƙiƙa 90 ko 180. Sai dai BFD da sabar hanyoyi lafiyar hanyarka zuwa sabar kaɗai take gaya maka, ba zuwa takwaran ba. Manyan takwarorinka goma, ƙulla zama kai tsaye da su.

Mataki na tara: gwada ranar da teku ta ƙi

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa kusan lokaci guda. Waɗanda suka tsira sun koma kan wasu wayoyi irin Equiano, da ta sauka Legas a 2022, ko suka zagaya ta hanyoyi masu nisa. A irin wannan rana duk awon da ka tara na ƙetare ya tashi aiki, hanyar da ka saukar zuwa maki 90 tana iya zama ita kaɗai ta rage. Wannan ne dalilin da ya sa a mataki na biyar muka saukar da na nesa ba mu jefar da su ba.

Don haka kafin ka ce ka gama, zaɓi dare mai sauƙin kaya ka kashe ƙofofinka ɗaya bayan ɗaya. Sa tambarin 65535:0 na RFC 8326 tukuna don kaya su janye a hankali, sannan ka rufe zaman. A kowane karo duba abu uku: ina kayan suka koma, ƙofar da ta karɓe su ta cika ko da saura, kuma cibiyoyin gida har yanzu ta gida kake samun su ko sun tsallaka teku. Rubuta awon kowane yanayi a fayil guda tare da saitin da ya haifar da shi da kwanan wata, ka ajiye kwafi a wurin da za ka iya buɗewa ko da layin ƙetare duk sun mutu.